AUDUGA A KAN KABARIN ARZULA

Shafi na 19

Masu cika min akwati da "ina ci gaba, ina ci gaba" kamar ba ni da tukunya a kan wuta, to ga shi nan. Ku kuma masu kare Lemuel, masu cewa ai yaron kirki ne, ku matso gaba-gaba, yau da ku nake.

Wanda ya shigo yanzu: muna Mississippi, gandun Mista Pettibone, kakar audugar 1948. Ozella Tarpley ta sauko daga Chicago jiya da yamma, ɗauke da dutsen kabarin mahaifiyarta Arzula a cikin akwatin katako. Yau da sassafe ta fita ita kaɗai ta dubo inda za a kafa shi. Ba ta sami maƙabarta ba. Auduga ta tarar, fara fat, har inda ido ya tsaya.

*

Ozella ba ta san yadda ƙafafunta suka dawo da ita gida ba. Takalman da ta saya don 'yan coci su san an zauna a birni sun cika da laka, raɓa ta jiƙa mata siket har gwiwa. Ta wuce akwatin dutsen a baranda ko kallonsa ba ta yi ba, ta bankaɗa ƙofa.

Ta same su suna karyawa. Tun da injin tsinkar auduga ya zo gandun aka daina fita da asuba, sai raɓa ta bushe, don jiƙaƙƙiyar auduga toshe shi take yi. Babanta, Dattijo Purvis, na zaune da kofin gahawarsa. Ƙaninta Lemuel, direban injin, na dangwalar biskit da maɗi. Matarsa Verlene na tsaye gaban murhu da tsohon cikinta, tana juya faten masara.

"Ina maƙabarta?"

Ba gaisuwa, ba ina kwana.

Verlene ta daina juyi. Lemuel bai ɗago ba.

"Yaya, zauna ki sa wani abu mai zafi a cikinki tukuna."

"Ban tambaye ka abu mai zafi ba. Ina uwata?"

"Ozella," in ji tsohon. "Zauna."

Ta zauna. Duk girman Chicago bai kai ya sa ta tsaya ba in Baba ya ce zauna.

"Jiya na so in faɗa miki. Na ga kin gaji, ga ki kina ta murna da dutsenki, bakina ya yi nauyi. An nome wurin, 'yata. Tun Fabrairu."

"An nome."

"An nome."

"Kamar gonar dankali."

"Injin nan ba ya son lanƙwasa. Dogon layi yake so, miƙaƙƙe, ba itace ba kututture. Wani Bature ya zo daga kamfanin injin, daga can wajenku, suna zagaye da Mista Pettibone a mota. Ya ga wurin a tsakiyar gona, ya ce wannan bolar me take yi a nan."

"Bola?"

"Haka ya ce."

To, a nan zan tsaya in ce da sakacinmu a ciki, ko da yake faɗin hakan na yi min ɗaci. Mutanenmu ba sa kafa dutse. Da me za su saya? Abin da mamaci ya taɓa na ƙarshe shi ake ɗora masa: kofinsa, fitilarsa, kwalbar maganin da bai yi masa rana ba. A huda gindin abin ko a fasa shi, don kada mutuwa ta bi sawu ta koma gidan. Kowa da kwanon da yake gane nasa. Na Arzula shuɗin kofi ne da fitilar ƙwai, a gindin itacen al'ul. Ko mashayin da ya fi kowa lalacewa a gandun nan, in ya kwaso mayensa, zagaye wurin yake yi. Shi ya sa ba wanda ya taɓa tunanin shinge, ko allo, ko suna. Mun ɗauka tsoron da ke cikinmu yana cikin kowa. Baƙo ya zo ya ga fasassun kwanuka, ya kira su da sunan da ake kiran fasassun kwanuka a garinsu.

"Shi Mista Pettibone ai ya sani," in ji Ozella. "Inna Keziah da ta shayar da shi a nan take kwance."

"Ya sani."

"Me ya ce?"

"Sigarinsa ya kunna."

Wani abu ya taso wa Ozella. Ba kuka ba ne, kuka ai sauƙi ne. Baƙin ciki ne tsagwaronsa.

Sai fuskar tsohon ta ɗan washe. Ya miƙa hannu ya dafa kafaɗar Lemuel.

"Amma ɗan'uwanki ya fitar da ni kunya. Ni lokacin ina kwance, ciwon huhu ya kayar da ni, ban san dare ba ban san rana ba. Baturen nan da kansa ya hau tarakta. Yaron nan ya je ya tsaya a gabanta, ya buɗe hannuwa, ya ce sai dai a bi ta kansa. Sai da ƙarti suka janye shi."

"Baba, ya isa," in ji Lemuel.

"Ranar Ista na miƙe a coci na ba da shaida. Na ce Ubangiji ya karɓi matata amma ya bar min ɗa. Mata har da kuka."

"Baba, na ce ya isa. Abin da ya wuce ya wuce."

"Kin gani? Ba ya son yabo. Halin uwarsa sak."

Ozella ta juya ta kalli ƙaninta. Ita ta goya shi lokacin da Mama ke jan buhu a gona. Ta san ƙaryarsa tun yana satar maɗi da yatsa: in yana yin ta, hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Ga shi yanzu, ya ɗauki gwangwanin gishiri ya ajiye, ya sake ɗauka ya sake ajiyewa.

"Lemuel."

"Na'am, Yaya."

"Baturen nan, wace irin riga ce a jikinsa?"

"Riga kuma?"

"Riga."

"Fara... ina ji."

"Fara. Da laktaye?"

"Oho. Ni na tsaya kallon wuyansa?"

"Mai farar riga ya sauko daga mota, ya taka laka, ya hau tarakta da kansa. Alhali ga baƙaƙen mutane tsaitsaye da hannuwansu lafiya lau. A Mississippi."

"Haka aka yi."

"Yaushe Turawan garin nan suka fara wannan kirkin? Ban ji labari ba a Chicago."

"Ozella, mene ne haka?" in ji tsohon.

"Tambaya nake, Baba. Ina son in san jarumin gidanmu. Kai ka tsaya gaban taraktar Bature, ka buɗe hannuwa, ka hana shi aiki a gaban mai gandu."

"E."

"Buɗe bakinka."

"Me?"

"Buɗe in ga haƙoranka. Cif suke? Ba ko ɗaya da ya fita? Kawu Elzie kallon banza kawai ya yi wa mai awon auduga, har ya mutu da ido ɗaya yake gani. Kai ka tare musu hanya, sakamakonka sai aka ɗauke ka aka ɗora a kan sabon inji, aka bar maka gida, aka sa maka sabon kwano a rufi. Ashe haka ake hukunta masu taurin kai yanzu. Da na sani ai da ban tafi ba."

"Ke dai kin zo da rigima ne."

"Wa ya hau taraktar?"

"Na faɗa miki."

"Kalle ni ka sake faɗa."

Bai kalle ta ba.

Verlene ce ta buga muciya a bakin tukunya.

"Yaya Ozella, don Allah ki ƙyale shi haka nan! Ke jiya kika zo, gobe-jibi ki hau jirginki ki koma inda ruwa ke fitowa daga bango. Mu ne a nan! Da kika taho kin ga gidan su Hubbard? Toka. Gidan su Gaddis? Toka. An kore su, an ƙone gidajen. Duk layin nan wa ya rage in ba mu ba? Da ya ce a'a, Cleophus, ɗaya direban, za a ɗora, a nome wurin duk da haka, mu kuma a watso mana kaya a titi da tsoho ba lafiya, da..."

Ta toshe bakinta da tafin hannu.

Magana zarar bunu ce. Ta riga ta fita.

Faten masara na ta ɓararraka a kan wuta. Dattijo Purvis ya janye hannunsa daga kafaɗar ɗansa a hankali. Ya ɗora shi a kan teburi, ya zuba masa ido kamar hannun wani ne.

"Lemuel."

"Baba..."

"Kai ne?"

"Baba, bari in yi maka bayani."

"Ban ce ka yi bayani ba. Kai ne?"

"Ni ne."

"Itacen fa?"

"Da sarƙa na ja shi."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

Tsohon ya jinjina kai. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi musu sauƙi.

"Ka zauna a bencin gaba ranar Ista."

Lemuel ya sunkuyar da kai.

"Ina ba da shaida kana kallona. Mutanen da suka gan ka a kan taraktar suna zaune a bayana, suna cewa amin."

"Tausayinka suka ji, Baba. Ba ka gama warkewa ba."

"Tausayina." Ya maimaita kalmar kamar yana ɗanɗana ta. "Ashe duk cocin nan ni kaɗai ne wawa."

Ya ture kofin gahawarsa, ya dafa teburi ya miƙe, ya dubi Verlene.

"Na ƙoshi, 'yar nan. Allah ya yi albarka."

Ya fita baranda. Suka ji kujerarsa ta yi ƙara da ya zauna.

Ozella ta jira ƙofar ta rufe. Sannan ta juyo.

"Shuɗin kofinta."

"Yaya..."

"Ka ɗauke shi kafin ka bi ta kai?"

"Suna tsaye suna kallona. In sauko in tsinci kofi?"

"Ka ji fashewarsa?"

"A hannuna na ji. Ta sitiyari."

"Allah wadaran ka, Lemuel. Allah wadaran nonon da ka sha ka manta. Kare ma ya san inda aka binne uwarsa ya zagaye."

Nan ne ya ɗago. Idanunsa sun kaɗa jawur.

"Kin gama?"

"Ban ma fara ba."

"To tsaya in ba ki naki, sai ki haɗa. Me ya kashe Mama?"

"Kar ka sa bakinka a sunanta."

"Me ya kashe ta? Inji ne? Lokacin akwai inji? Buhu ne ya kashe ta! Tun tana 'yar mitsitsiya take jan buhun auduga a sunkuye, har bayanta ya ƙi miƙewa. Ba ta iya sa maɓallin rigarta, ƙaya ta cinye mata yatsu. A cikin layi ta faɗi, da igiyar buhu a wuyanta. Ni na ɗauko ta. Ke kina ina?"

Bai jira amsarta ba.

"Kina Chicago. Kin gudu daga buhun, kuma kin yi daidai, ban taɓa ganin laifinki ba. Ni ranar da na fara ganin injin nan yana tsinka, kuka na yi. Na ce 'ya'yan da Verlene za ta haifa ba za su taɓa jan buhu ba. Ban san za a ce tunda ba a buƙatar hannuwanmu, mu ma ba a buƙatar mu ba. Ban san za a ce har matattunmu sun tare hanya ba."

"Da ka sani kuma sai ka hau."

"Na hau! Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na hau, kuma yau ma zan hau, gobe ma zan hau. Kina so in kai Baba ina? Ɗakinki na Chicago da kuke kwana karɓa-karɓa?"

"Da ka faɗa min da na yi wani abu."

"Me? Ki kai ƙarar Mista Pettibone wajen alƙali? Alƙalin surukinsa ne."

Jaridun Memphis sun yi ta buga hoton injin nan a lokacin. Wai aikin mutum hamsin yake yi, wai Kudu ta shiga zamani, wai ci gaba ya zo. Ba wanda ya je ya ɗauki hoton mutum hamsin ɗin a tashar jirgi da ƙullin kayansu. Mu dai da muka gani da idonmu mun san ci gaban mai haƙan rijiya ne, kuma mu ne a ƙasan ramin.

"Ko ma mene ne," in ji Ozella, "ni hannuna bai taɓa kabarin uwata ba. Guminta na je na nema mata, na sayo mata dutse da sunanta, don a san ta taɓa rayuwa. Kai kuma..."

Lemuel ya yi wata dariya mara daɗi.

"Hannunki bai taɓa ba."

"Bai taɓa ba."

"Lemuel, kar ka yi," in ji Verlene. "Don girman Allah."

"Akwatin da kika sako dutsen a ciki, daga ina kika samo shi?"

"Ina ruwanka? A wurin aikinmu. Zubar da su ake yi."

"Jiya da nake sauke shi daga keken doki na ga tambarin jikinsa. Baƙin zakara. Na ce bari in yi shiru, baƙuwa ce, ta sha hanya."

"To sai me? Tambarin masana'antarmu ne."

"Me kuke ƙerawa?"

"Kayan ƙarfe."

"Wane iri?"

"Ni na sani? Ɓangarenmu guda ne cikin ɓangarori ba adadi. Abu ya zo gabanka a kan bel ɗin inji mai tafiya, ka goge, ka duba, ya wuce. Wa ke da lokacin tambaya?"

"Ke me ke zuwa gabanki?"

"Wasu 'yan sanduna. Masu ƙaya-ƙaya."

Ya cusa hannu a aljihun wandon aikinsa, ya fito da wani abu ya jefa a kan teburi. Ya gangara ya tsaya a jikin farantinta.

Ɗan sandan ƙarfe ne, tsawon yatsa, mai tsinin baki, da ƙananan haƙora a jere a jikinsa.

Ozella ba ta yi niyyar ɗauka ba. Hannunta ne ya ɗauka da kansa. Babban yatsanta ya bi layin haƙoran daga gindi zuwa baki, ya juya shi, ya sake bi, daidai yadda yake yi tun safe har yamma a Chicago. Ko cikin barci za ta gane shi.

"Yatsun injin ke nan," in ji Lemuel. "Su ke juyawa su naɗe audugar. Ɗaruruwa ne a cikinsa. Dutse ɗaya ko fasasshen kwano ɗaya ya shiga, sai su kakkarye. Shi ya sa Baturen ya ce a share wurin tas. Don kada yatsunki su karye, Yaya."

"Ƙarya kake."

"Je ki rumfar inji ki duba. Zakaranki na nan a goshinsa, ya fi na akwatin girma."

"An ce mana kayan aikin gona ne..."

"To ai ba a yi muku ƙarya ba."

Ta saki ƙarfen kamar ya ƙone ta. A ɓangarensu kusan duk 'yan Delta ne, wato wannan yanki namu na auduga. Matar da ke damanta 'yar gidan Gaddis ce, ta zo shekarar bara, ta ce an kore su daga gandu, Ozella ce ma ta yi mata hanyar aikin. Sun yi ta tsine wa injin a lokacin cin abinci, sannan a kaɗa ƙararrawa su koma su ci gaba da goge masa yatsu. Kunya da takaici suka rufe ta lokaci guda, ta rasa wanda za ta fara ji.

"Ban sani ba," ta ce a hankali.

"Ni ma da farko ban sani ba."

"Ba ɗaya ba ne! Ni ban gani ba. Kai kana gani ka taka!"

"E, ba ɗaya ba ne. Ke an biya ki kada ki gani, ni an biya ni in gani in yi shiru. Laifi tudu ne, Yaya. Zakaran nan ne ya saya wa Mama dutse, shi ne kuma ya cinye inda za a kafa shi."

Ta ɗauke shi da mari.

Bai kare ba. Ya tsaya kawai, shatin yatsunta na fitowa a kuncinsa.

"Ƙara," ya ce. "Tun Fabrairu nake jiran wanda zai yi."

Ta ɗaga hannu za ta ƙara ɗin, sai Verlene ta ce, "Ku tsaya."

"Ke kuma fita a ciki!"

"Ku tsaya na ce! Ba ku ji ba?"

Suka saurara.

Daga can nesa wani gurnani ke tasowa, mai nauyi, har gilashin taga na ɗan rawa.

Lemuel ya kalli rana ta taga. Ta yi sama, raɓa ta daɗe da bushewa.

"Cleophus," ya ce. "Ɗan banza. Ya ga na makara ya haye. Da ma nema yake."

"Wace gona za a tsinka yau?" in ji Verlene, da wata irin murya.

Ya hau neman hularsa.

"Lemuel, wace gona?"

"Ta bayan gida. Mista Pettibone ya ce a fara daga tsakiya."

"Me ya sa daga tsakiya?" in ji Ozella.

Ya kau da kai.

"Nan audugar ta fi kyau."

Ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa ta fi kyau a nan. Duk sun sani.

Verlene ta riga su kai wa ƙofa duk da nauyin jikinta. Ta tura ta, ta tsaya cak.

Kujerar na nan. Tsohon babu.

"Baba!" Ozella ta ƙwala kira. "Baba!"

Ba amsa. Auduga ce kawai, tun daga bakin matakalar baranda har ƙarshen duniya.

"Ya shiga gona," in ji Verlene, hannunta a kan cikinta. "Ya Yesu, ya shiga gona. Haka yake yi in ransa ya ɓaci. Sai ya je ya kwanta a wajenta."

"Ya kwanta?"

"A ƙasa, cikin layi. Wai hira suke yi. Wani lokaci har barci ke kwashe shi."

"A ina? Ta wane wuri?"

Verlene ta fashe da kuka.

"Kullum wuri daban, Yaya Ozella. Shi ma nema yake."

Lemuel ya riga ya dira daga baranda. Ozella ta yi jifa da takalman Chicago ta bi shi da ƙafa ba komai. Rassan auduga na yagar mata siket, ƙaya na tsaga mata hannuwa, ba ta ji. Da suka nufi tsakiya audugar ta fara tsayi, daga ƙugu ta kai ƙirji, daga ƙirji ta kai kafaɗa. Mutum a tsaye ma da ƙyar a gan shi, balle wanda ya kwanta.

Can gaba ta hango shi. Wani gingimemen abu mai kejin waya a kansa, yana tahowa a hankali, ba gaggawa, yana haɗiye layi. Cleophus na can ƙoli a zaune.

"Cleophus!" Lemuel ya cire hularsa yana kaɗawa. "Kashe! Kashe shi!"

"Ba ya jin ka?"

"Ba a jin komai a can sama! Ba a ganin ƙasa!"

Ya yi tsalle, ya kaɗa hular da hannu biyu. Cleophus ya hango shi. Ya washe baki, ya ɗaga masa hannu yana dariya irin ta na riga ka, ya mai da kansa ga aikinsa.

"Baba! Baba, ka yi magana!"

Ƙarar injin ta haɗiye kiran.

Ozella ta cafko rigar ƙaninta ta juyo da shi.

"Kai ka nome wurin nan. Kai ka ja itacen. Ta ina yake? Nan zai nufa, inda itacen yake. Wane layi ne?"

Lemuel ya duba dama. Ya duba hagu. Ya juya baya, ya sake juyowa. Layuka ne miƙaƙƙu, farare, kowanne kamar ɗan'uwansa.

"Lemuel! Wane layi?"

"Ban sani ba."

"Ka tuna!"

"An ce kada in bar alama, Yaya." Muryarsa ta karye. "Ban bari ba."

Gurnanin injin ya canza, kamar ya ci karo da wani abu.